Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Wani labari da na karanta ya ce Kiristocin Ibanjelika na Amurka addini ne ke sa su goyon bayan yaƙi, amma ni a ganina siyasar jam'iyyar Republican ce ta fi jan akalarsu. Gaskiya ne a Oktoban 2002 Richard Land na cocin Southern Baptist da wasu jagorori sun rubuta wa Shugaba Bush wasiƙa cewa afka wa Iraki yaƙi ne na adalci. To marigayi Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, fa? Shi ma ɗan Baptist ne, wanda a lokacin rayuwarsa yakan koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi a ƙaramin cocin garinsu Plains, kuma ya yi tir da mamayar tun kafin a fara ta a 2003. Don haka duk mai cewa Kiristocin nan duk kanwar ja ce, ya yi musu adalci. Abin da ke ci mini rai shi ne Kiristocin Iraki, waɗanda sun haura miliyan ɗaya kafin yaƙin. A 2014 mayaƙan ISIS suka shafa wa gidajensu na Mosul harafin nun, wato farkon kalmar Nasara, suka kore su kaf. Waɗanda suka sa hannu a wasiƙar, wa ya taɓa tuhumarsu a kan wannan?