Gyaran Hoto Ya Girmi Kwamfuta

Mutane da yawa sun ɗauka cewa sarrafa hoto har ya zama aikin fasaha Photoshop, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, ne ya kawo shi, wai kafin nan yadda kyamara ta ɗauki hoto haka ake barinsa. Ba haka ba ne. Photoshop ya shiga kasuwa a 1990, alhali masu hoto sun fi shekara ɗari suna wannan aiki a ɗakin wankin hoto mai duhu.

A shekarun 1850, Gustave Le Gray na Faransa ya yi fama da wata matsala: in ya daidaita haske don teku ya fito sosai, sai sama ta yi fari fat. Sai ya riƙa ɗaukar teku daban, gajimare daban, ya haɗa su a takarda guda. A 1857 kuma Oscar Rejlander a Ingila ya haɗa hotuna sama da 30 suka zama ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne wasa da haske lokacin wanki. Mai hoto yakan maƙala ɗan kwali a bakin siririyar waya, ya tare hasken fitila daga wani sashe don ya fito da haske, ko ya dunƙule hannu ya bar 'yar kafa, haske ya daɗe a wuri guda har ya yi duhu. Duba kayan aikin Photoshop, za ka ga alamar kwalin nan da ta hannun suna nan har yau.

Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne damar komawa baya in an yi kuskure, sai kuma jera hotuna hawa-hawa, wanda ya shigo manhajar a 1994.