Sakkwato ba ta zagayuwa a wuni guda

Abin haushi shi ne baƙon da zai sauka Sakkwato a watan Afrilu, ya yi barci har hantsi, sannan ya ce yau zai ga Hubbare, fadar Sarkin Musulmi, Wurno da Surame. Haba malam! Zafin lokacin nan yana haura digiri 40.

Hubbaren Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da sassafe ake zuwa. Takalmi ake cirewa, kuma da rana ta take ƙasa ba ta takuwa. Sai ka ga babban mutum da malum-malum yana ɗingishi yana neman inuwa. A riƙe canji don sadaka, a kauce wa Juma'a in ba a son cunkoso. Daga nan a wuce gidan tarihi na Waziri Junaidu, a ranar aiki, ba Lahadi ba.

Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, a ware mata safiyarta daban.

Surame kuwa, tsohon birnin Kanta, sarkin Kabi, a nan ake shan wuya. Hanyar ƙasa ce, da damina taɓo kan riƙe ƙaramar mota, kuma taswirar waya ba ta san burtali ba. A cika tanki tun daga gari, a ɗauki ruwan sha, a fara gaida maigari ya haɗa ka da ɗan rakiya. Kafin a doshi kowane ƙauye, musamman wajen Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, a tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, a kuma juyo kafin la'asar.