Kafin Ka Ƙwace Wayar, Nuna Mini Ɗakin Gwajin

To, an ƙwace wayoyin, hankali ya kwanta. 'Yan rukuninmu na WhatsApp kun riga kun ga hoton: wayoyi tara cikin bokitin roba, ga mai kula da tarbiyya tsaye a kansu yana murmushi kamar wanda ya kamo ɓarayin shanu. Sannu da aiki, Ustaz. Ka ceci 'ya'yan garin Gadarif na Sudan daga sharrin dokar Ohm ta wutar lantarki.

Don abin da ke kan wayoyin ke nan sa'ad da ya faɗo mana aji ko sallama babu. Batir ne da ƙwan fitila da igiyar wuta, yara na haɗawa da yatsa. Su ƙara batir, ƙwai ya ƙara haske. Su ƙara abin da ke tauye wutar, haske ya dusashe. Sai wata yarinya ta haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye, babu ƙwai a tsakani, batir ya kama da wuta a kan gilashin wayar, aji ya kwashe da dariya. Wannan dariyar ce ta jawo shi. A wurinsa, duk ajin fiziya da aka ji dariya a ciki, to iskanci ake yi.

Tambaya ɗaya na yi masa a gaban ofis, ita zan sake yi a nan: ina ɗakin gwajin?

Ya san amsar kamar yadda na sani. Tun da birnin Madani ya faɗi a yaƙi a Disambar 2023 mutane suka kwararo garin nan, ma'amal ɗinmu, wato ɗakin gwajin, ya koma ɗakin kwana. Iyali guda suka zauna a ciki, tsohuwarsu na shimfiɗa tabarma tsakanin teburan gwaji. Wallahi ban ga laifinsu ba, ni kaina na kai musu bargo. Amma da suka tashi, abin da ya rage kwalabe ne fasassu da madubin ganin ƙwayoyin cuta wanda idonsa ya ɓace. Kuma kada mu yaudari kanmu, ko kafin yaƙin sinadaran da ke cikin kabad ɗin sun girmi wasu daga cikin ɗalibaina.

Yaƙin nan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. A wannan shekarar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. 'Yan ajin da ya kamata su rubuta shahada, jarrabawar kammala sakandare, a 2023 ba su zauna mata ba sai 28 ga Disambar 2024. Waɗanda ke gabana yanzu sun yi fiye da shekara ba su buɗe littafi ba, wasu sun manta yadda ake raba lamba mai ɗigo. Su ne ake so in tsaya a gabansu da guntun alli in ce su rufe ido su ƙiyasta yadda wuta ke tafiya cikin igiya.

Abin da muke amfani da shi sunansa PhET, tarin gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo da ake yi a kan waya ko kwamfuta. Wani malamin fiziya, Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, shi ya fara shi a 2002 a Jami'ar Colorado ta Amurka. A shafinsu kyauta ne, akwai shi da Larabci, kuma in ka sauke gwajin sau ɗaya ba ya sake neman intanet. Ni na sauke, na rarraba ta Xender. A Fabrairun 2024 da layukan waya suka ɗauke, ko saƙon gaisuwa ba ya fita, yaran maƙwabta na zuwa zaurena muna harhaɗa ƙwayar zarra da daidaita lissafin sinadarai kamar ba abin da ya faru.

Na san me za a rubuto a ƙasa. Yara na kallon TikTok. Eh, suna kallo. Kai ma kana kallo, na gan ka a wurin mai shayi har kofinka ya huce. Ba kowa ke da waya ba. Gaskiya ne, shi ya sa wayoyi tara ke hidimar yara hamsin da biyu, kawuna shida a kan ɗaya, kuma yawancinsu na iyaye mata ne, dole a mayar kafin magariba don Bankak, manhajar bankin da suke cefane da ita, na ciki. Maganin rashin waya a wurin wasu shi ne a ƙwace ta sauran? Sai masu cewa mu mun yi karatu ba waya kuma mun ci. Mun ci da hadda, ɗan'uwa. Ni na zana kayan gwajin asid sau ba adadi, na ci maki cikakke, ban taɓa riƙe su da hannuna ba sai a jami'a. Kowa ya gama magana, ya nuna mini ɗakin gwajin.

Kuma ban taɓa cewa hoton wuta wuta ba ne. Makon jiya, bayan sun ga ma'aunin pH, mai auna ƙarfin asid, a waya, daga 0 zuwa 14, ruwa zalla a kan 7, na shigo da ruwan karkade da lemun tsami da kanwa. Kofi uku. Muka matsa lemu a ɗaya, ja ya ƙara fitowa jawur. Muka ɗiga ruwan kanwa a wani, ya juye ya yi duhu, kore-kore. Akwai wata yarinya da suka gudo daga Sinja, tun da ta zo ban ji muryarta ba ko a kiran suna. Ta matso, ta leƙa kofin, ta ce, "Ustaz, ke nan kanwa tana sama da bakwai?" Sai da na juya na fuskanci allo na ɗan lokaci kafin in iya ba ta amsa. Wayar mahaifiyarta na cikin bokitin nan, kuma an ce ba za a bayar ba sai uba ya zo da kansa. Uban da har yau ba su san inda yake ba.

Af, bokitin ma nawa ne. Da shi nake ɗebo ruwan gwaji, a dawo mini da shi. Su kuma 'yan'uwa na Kano da suka cika ni da tambayar mene ne karkade, zoɓonku ne. Kakata 'yar Mai Wurno har ta koma ga Allah ba ta yarda da ko ɗaya daga cikin sunayen biyu ba, soɓorodo take cewa, kuma ba ta sa masa sukari.