Mayar da ƙaguwa ruwa bai isa ba

Wani labari da na karanta ya ce tunda doka ta tilasta wa masunta su mayar da ƙaguwa mai laushin ɓawo cikin teku, babu buƙatar rufe kamu. Ni dai ban gamsu ba. Ƙaguwar da ta yi saɓa jikinta taushi ne, sai ta yi wata biyu ko fiye kafin sabon ɓawon ya yi ƙwari kuma nama ya cika shi. A wannan hali in ta faɗa tarko ɗaya da masu taurin ɓawo, cinye ta suke yi ko su ɓalle mata ƙafafu. Wadda ta tsira kuma a jawo ta sama, a zube ta a jirgi, a wurga ta ruwa, gobe ta sake shiga wani tarkon. Wa ke ƙirga waɗanda suka mutu a ƙasan teku bayan an sake su? Ku duba jihar Oregon a Amurka: kamun wata irin ƙaguwa da ake kira Dungeness kan fara ne 1 ga Disamba, mazan ƙaguwa kaɗai ake ɗauka, amma sai an gwada yawan nama tukuna, in bai kai ba a ɗage buɗewar. Wani kuma ya ce wai rufewa zaluntar masunta ne. Malam, ai ƙaguwar da babu nama ba ta da kasuwa, asarar man jirgi da wahala kawai. Abin da zan yarda da kai shi ne ƙananan jirage sun fi jin jiki in an rufe, to me ya sa labarin bai tambayi hukuma tanadin da ta yi musu ba?