Zuciyar da layinta ya miƙe ba a yi mata shokin

Wannan fitowar ta asibiti a wasan kwaikwayon da ake ta yabawa tun jiya kuskure ce tun daga tushe. Layin na'urar da ke nuna bugun zuciya ya miƙe samɓal, likita ya goga ƙarafa biyu ya kafa su a kan riga, mara lafiya ya zabura yana kiran matarsa. Haba jama'a! Zuciyar da layinta ya miƙe ba a yi mata shokin.

Shokin, wato bugun lantarki da na'ura ke yi wa ƙirji, ba ya tayar da zuciya, tsayar da ita yake yi na ɗan ƙiftawar ido. Amfaninsa shi ne idan ɗakunan ƙasa na zuciya sun rikice suna makyarkyata ba sa harba jini, abin da likitoci ke kira VF, ko suna gudun da ya wuce kima har a taɓa wuya a rasa bugu. A allo za ka ga layi yana tsalle barkatai. Sai a ba da lantarki mai ƙarfin jul 120 zuwa 200 a kan fata, ba kan tufa ba, a kashe hargitsin, don gurbin da ke ba da umarnin bugu ya sake karɓar ragama.

Idan layi ya miƙe babu hargitsin da za a kashe. Hannu ne zai yi aiki: danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, bayan kowane 30 a hura numfashi 2, ga allurar adrenalin miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5, ana neman sanadi, ko zubar jini ne ko ƙarancin iska. Haƙarƙari kan karye, mai dannawa ya jiƙe sharkaf da gumi.

Kada wani ya ce min ai wasan kwaikwayo ne. A 1996 mujallar New England Journal of Medicine ta duba shirye-shiryen talabijin uku na Amurka, ta ga kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ceto sun farfaɗo, alhali a zahiri akasari ba sa tashi. Irin wannan kallon ne ke sa dangi su tsare ma'aikatan jinya suna cewa an hana ɗan'uwansu shokin.

Christian Eriksen, ɗan ƙwallon Denmark da ya yanke jiki ya faɗi a Kopenhagen a 2021, danna ƙirji da shokin ɗaya suka dawo da shi da ikon Allah, don na'urar shokin tana bakin fili. Mu da muka rasa ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji a filin Legas a 1989, filayen ƙwallonmu nawa ne ke da ita yau?