Ko mutum 7 ne ke karantawa ba zan daina ba

Waɗanda suka je sunan nan na unguwar Aboabo a nan Kumasi ranar Lahadi sun ji abin da aka faɗa min a gaban jama'a, ba sai na maimaita duka ba. Yaron da na riƙe wa hannu na kai makarantar allo, shi ne ya dube ni da waya a hannunsa ya ce wai Kawu shekara 14 kana rubuta labarin tsofaffin Zango, mutum nawa ne ke karantawa, ƙirga mana mu ji. Aka fashe da dariya. Na yi shiru don gidan mutane ne kuma ranar farin ciki ce, amma maganar ta tsaya min a wuya, yau kwana uku, to bari in amsa.

Eh, ba su da yawa. Wani makon mutum 7, wani makon 20, kuma na san yawancinsu da suna. Ban ɓoye ba. Ni kaina bara cikin azumi na kusa ajiye biro, domin mutum ya wuni a tsaye a shago a Alabar, ya dawo ido na yaji, ga kuɗin data, ga wuta a ɗauke, ya zauna yana kwafe maganar tsohuwa daga littafi har ƙarfe ɗayan dare, gari ya waye ko sannu babu. Wannan da ciwo wallahi, duk wanda ya ce maka ba ciwo bai taɓa yi ba. Amma tambayar mutum nawa ba ita ce tambayar ba. Tambayar ita ce, in ban rubuta ba wa zai rubuta?

Akwai wata Hajiya mai koko a layinmu, Allah ya jiƙanta. Sau huɗu ina zuwa wajenta kafin ta yarda ta buɗe baki. Ranar da ta yarda tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tace gasara, hannunta fari fat har gwiwar hannu, ta ce ɗana zauna, ka zo da abin rubutunka? Ta ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita daga Gana. Ita a Kumasi aka haife ta, ba ta san ko'ina ba sai nan, amma mijinta ba shi da takarda, haka suka hau bayan babbar mota da yara uku da tabarmi da buhun gari. Babbar tukunyarta ta koko ba ta shiga motar ba, sai ta bar wa maƙwabciyarta 'yar Asante ajiya. Bayan shekaru da ta dawo, miji ya rasu a can, matar nan ta shiga ɗaki ta fito mata da tukunyar a kife a wanke, ko sau ɗaya ba ta ɗora ta a wuta ba. Da Hajiya ta zo nan a labarin sai ta tsaya da tacewa, ta daɗe tana kallon cikin roba ba ta ce komai ba. Wata uku bayan haka muka kai ta makwancinta. 'Ya'yanta ma ba su san zancen tukunyar ba, sai da jikanta da ke Jamus ya karanta ya bugo min waya yana kuka. To ku gaya min, mutum nawa ya kamata su karanta kafin ya cancanci a rubuta? Ni mutum ɗayan nan ya ishe ni.

Kuma fa kullum ƙara tafiya suke. Duk wanda ke zuwa jana'iza a Zango ya san abin da nake faɗa. Waɗanda suka ga 1969 da wayonsu yanzu sun haura 60, waɗanda iyayensu suka yi fataucin goro da jakuna daga Gwanja zuwa Kano kuwa sai ka yi da gaske kafin ka samu ɗaya da hankalinsa bai gushe ba. Abin da ke kansu babu shi a littafin makaranta. Hausa ma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauka ake koyarwa a makarantun boko na Gana, ana koyar da Tuwi da Ga da Dagbani da Gwanja da sauransu, mu kuwa a kasuwa da masallaci da tasha harshenmu yake. In ba mu rubuta ba babu ofishin da zai zo ya yi mana.

Wai in koma Turanci za a fi karantawa. Hajiya da Turanci ta yi min magana? Kalmar da ta fito daga bakinta ita nake so jikokinta su gani, da Hausarta ta Kumasi yadda take, har da Tuwin da take jefawa a ciki. Wai in yi bidiyo. Ku yi mana, wa ya riƙe ku, waya a hannunku take dare da rana a bes, majalisarku ta samari, kuna shan shayin ataya, kakanninku suna cikin gida ba wanda ya taɓa shiga ya tambaye su daga wane gari kakansu ya taso. Amma ku sani tsohuwa ba ta faɗin sirrin zuciyarta a gaban kyamara, tana ganin an saita ta za ta gyara mayafi ta ce komai lafiya alhamdulillahi, shi ke nan. Sai 'yan uwanmu na Najeriya masu cewa Hausarmu ta Gana karyayya ce, wannan ba ni da lokacinsa yau.

Ku dubi malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete-Krachi har ya rasu a can a 1934. Da alƙalami da tawada ya rubuta waƙoƙinsa da tarihi, da Larabci da Hausar ajami, almajirai suna kwafa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Mutum nawa ne suka karanta a lokacin? Amma da masu bincike na jami'ar Legon suka tashi tattara tsofaffin rubuce-rubuce a shekarun 1960, a akwatunan malamai suka samo su, kuma har yau duk mai son sanin yadda zuwan Nasara ya kasance a idon mutanenmu sai ya bi ta kan rubutunsa. Ban kai ƙurar takalminsa ba, ɗan kasuwa ne ni mai biro, amma hanyar da ya bi ita nake lallaɓawa a kai.

Littattafaina 11 ne yanzu a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ɗaya ruwa ya ci shi shekarar da kwata ta cika ta shigo mana ɗaki, maganar tsofaffi biyu ta narke a ciki kuma dukkansu sun rasu, har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi. Shi ya sa nake fitarwa mutane su gani ko da bakwai ne, don kada ya zauna wuri ɗaya.

Kai kuma ɗana, ban riƙe ka a zuciya ba, Allah ya yi maka albarka. Labarin kakarka ta wajen uwa yana littafi na shida, shafi tara ne cur, ranar da ka so ka zo ka karanta, ƙofa a buɗe take. Ranar Juma'a in sha Allahu zan fitar da na tsohon mahaucin nan na Asawase.

Af, mahaucin ne ma yake min faɗa rannan a kan wake. Ya ce yaran yanzu suna saye suna rubuta waakye a jikin kwano ba su san daga shinkafa da wake sunan ya fito ba, kuma rabin masu dafawa sun daina sa karan dafi yadda ya kamata, sai su zuba kanwa ta yi yawa abinci ya yi baƙi ya yi laushi kamar fate. Gaskiyarsa ne. Na ƙarshe mai kyau da na ci wajen wata baiwar Allah ne a bayan babban masallaci, jajir da shi, a ganye take zubawa, kuma kafin ƙarfe tara na safe ya ƙare.