Azumi ba baƙon dare ba ne

To, kun dai ga hoton saƙon da na sa ranar Juma'ar da ta wuce. Tara da wani abu na daren Alhamis, mutum ya idar da Isha yana haramar kwanciya, sai ga makarantar yarana a nan Dubai ta turo wai saboda azumi daga Litinin ƙarfe ɗaya za a riƙa tashi, motar makaranta ta sauya lokaci, darasin bayan tashi an dakatar sai bayan Sallah, jarrabawar ƙarshen zango kuma an matsar da ita gaba da mako guda. A ƙasa suka liƙa zanen fitila da jinjirin wata, suna yi mana barka da Ramadan. Madalla. Allah ya saka da alheri. Fitilar ce za ta je ta ɗauko min yaran.

Yau kwana biyar da kama azumi, raina bai huce ba, kuma abin da kuka cika min ƙarƙashin hoton da shi ya ƙara tunzura ni. Don haka ku yi haƙuri, rubutun nan zai yi tsawo.

Magana ɗaya nake yi, ita zan yi ta maimaitawa har ku gaji: azumi ba baƙon dare ba ne. Ba girgizar ƙasa ba ne, ba ambaliya ba ce, ba ya faɗowa kamar ƙadangare daga rufi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365, shi ya sa duk shekara watan yake matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2023 ranar 23 ga Maris aka ɗauka a nan Daular Larabawa. Bara 11 ga Maris. Bana, 2025, 1 ga Maris. 'Yata mai shekara tara, da fensir da bayan littafi, za ta gaya muku baɗi wajen 18 ko 19 ga Fabrairu zai kama. Makarantar da take koya mata lissafin kuwa, mai karɓar dubban dirhami duk zango, ita sai ana jibi azumi ta farga.

Na ga wani bawan Allah ya rubuto min wai ai ganin wata ne, ba wanda ya san gaibu. Malam, don Allah. Sha'aban ko dai ya yi 29 ko ya cika 30. Saɓanin kwana ɗaya ne tak, bana ma duk kwanakin biyun Asabar da Lahadi suka faɗa, ranakun da ba a zuwa makaranta. Ko an ga wata ko ba a gani ba, Litinin 3 ga Maris cikin azumi take. Tun watan Agusta da suka raba mana jadawalin shekara sun san haka. Suka iya rubuta ranar wasannin motsa jiki, da ranar ɗaukar hoto, da ranar ƙarshe ta biyan kuɗin zango na biyu, wannan har da jan layi a ƙarƙashi. Lokacin tashi a watan azumi ne kaɗai ya zama gaibu.

Kada wani ya juya min magana. Ban ce kar a rage lokaci ba. Ni ma da azumin a bakina, na san yadda ƙarfe biyu na rana take. Hukumar KHDA da ke kula da makarantu masu zaman kansu a Dubai ta ce kar ranar karatu ta wuce awa biyar a Ramadan, kuma ba bana ta fara faɗa ba, abu ne da aka saba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Malamin da ya tashi sahur ƙarfe huɗu da rabi, ya tsaya gaban yara talatin, ya cancanci a sassauta masa. To tunda an saba, me ya hana a gaya mana da wuri? Wanda ya ce min wai ina sukar addini, Allah ya shirye mu baki ɗaya, ba ni da abin da zan ce masa.

Bari in yi muku lissafin gidana, wataƙila masu ganin Dubai a hoto su gane. Muna zaune a Al Nahda ta ɓangaren Sharja, saboda haya ta fi sauƙi. Yara suna karatu a Dubai. Ni ina aiki a Jabal Ali, can ɗaya ƙarshen gari. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta rage wa ma'aikatan kamfanoni awa biyu a Ramadan, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, don haka maimakon biyar, uku nake tashi. Yara sun tashi ɗaya. Ni uku. Sannan in hau hanya lokacin da duk mutanen garin suka fito a tare kowa na son ya sha ruwa a gidansa, wanda ya taɓa bin titin Ittihad da la'asar a watan nan ya san abin da nake faɗa. Maman yara ma'aikaciyar jinya ce, asibiti kuwa ba ya sanin azumi, ranar da take aikin yini sai bayan Magariba. Daga ɗaya zuwa kusan biyar, wa ke riƙe da yaro ɗan shekara shida da yayarsa mai tara?

A nan ne baƙo ya bambanta da ɗan ƙasa. Ɗan ƙasa yana da kaka a gida, yana da gwaggo a bayan layi, da yawansu da direba da mai aiki. Idan ma a gwamnati yake, biyu da rabi ya tashi. Mu da muka zo ci-rani, mu ne kusan tara cikin goma na mutanen ƙasar nan, kuma yaranmu ne suka cika makarantun kuɗin, ba mu da kowa sai junanmu. A Kano da yaro ya taso, ko ba ka nan Hajiya na nan, ko ba ta nan akwai matar yayanka, ko maƙwabciya ta tura 'yarta ta shigo da shi, a zuba masa abinci ya wuce Islamiyya. A nan maƙwabcinka na ƙofa da ƙofa ka shekara uku ba ka san sunansa ba. Ka ce za ka kawo Hajiya ta zauna maka wata guda? Tun 2022 aka rufe wa 'yan Najeriya biza, sai a Yulin 2024 aka ce an buɗe, kuma duk wanda ya nema ya san ba abin da ake gamawa tsakanin daren Alhamis da safiyar Litinin ba ne. Mai aiki kuwa sai ka ɗauki nauyin bizarta da ɗakinta. Da an gaya min a Agusta, da na nemi mafita a tsanake. Da an gaya min ko a Janairu ne, da na roƙi maigidana a wurin aiki ya sauya min lokaci, mamansu ta nemi musanya da abokan aikinta. Kwana uku suka ba mu, biyu daga ciki hutun ƙarshen mako.

Ga kuma jarrabawar da suka matsar. Tun Disamba na sayi tikiti huɗu zuwa Kano ta Addis Ababa, na dubi jadawalinsu da suka buga da tambarinsu, na zaɓi rana bayan an gama jarrabawa, don yaran nan su yi goman ƙarshe da Sallah a gaban kakarsu, su ga hawan Daushe da idonsu ba a waya ba. Shekara uku rabonsu da gida. Yanzu jarrabawar ta hau kan ranar tafiya. Na kira ofishinsu, wata baiwar Allah ta ce min da murya mai daɗi sun fahimci damuwata. Na gode. In kai fahimtar wurin masu jirgi ko za su karɓa a madadin kuɗin sauya tikiti.

Ba mu kaɗai ba ne. Akwai wani ɗan jihar Kerala ta Indiya a benenmu, a lif muka saba, ɗansa yana rubuta jarrabawar CBSE ta Indiya da aka fara tun 15 ga Fabrairu, a Delhi ake yanke ranakunta ba a nan ba. Masu tsarin Ingila kuma jarrabawarsu na nan a Mayu da Yuni, Cambridge ba za ta ɗaga wa kowa ƙafa don an rage masa awa biyu kullum tsawon wata ba. Ai ka ga duk wannan dalili ne na a zauna tun farkon shekara a tsara inda za a cike giɓin. Kuɗin makaranta dai ko fils ɗaya, wato kwabon nan ƙasar, bai ragu ba, wannan ma ban tayar da shi ba, kar a ce na cika son kuɗi.

Sai masu cewa in ba ka so ka dawo gida mana. Sannunku da hikima. Wato wanda ya biya kuɗin aiki ba shi da bakin cewa a yi aikin daidai sai ya tattara kayansa. Na ji.

Abin da ya ba ni dariya a makon nan, ina buɗe Facebook na tarar ana ta dambe a gida kan Bauchi da Katsina da Kano da Kebbi da suka rufe makarantu saboda azumi, ƙungiyar CAN ta fito ta ce ai ko Saudiyya da Daular Larabawa ba sa rufewa. Gaskiya ne, ba a rufewa. Kowane ɓangare ya ɗauko Dubai yana dukan ɗan'uwansa da ita, mu da ke cikin Dubai ɗin muna tsaye a ƙofar makaranta da rana tsaka muna roƙon mai gadi ya bar yara su zauna a inuwa. Ba zan shiga wannan rigimar ba, ta fi ƙarfina. Ko rufewa za a yi ko ragewa, a faɗa wa iyaye tun suna da damar yin wani abu. Kuma tun yanzu ina sanar da makarantar yarana kyauta: a 2030 sau biyu azumi zai zo cikin shekara ɗaya, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Shekara biyar na ba ku. Kar a turo min fitila da daddare.

Wallahi ba don kaina abin yake ci min rai ba. Jiya na iso biyar saura, na tarar da su a falon wata 'yar Sudan da Allah ya haɗa mu da ita a rukunin WhatsApp na iyaye, ita ce ta ce a kawo mata su har a ga yadda za a yi, ba ta karɓi ko sisi ba. Babbar ta ɗauki azuminta na farko bana, leɓenta duk ya bushe, ta ƙi karyawa, wai sai Baba ya zo ya gani. Allah ya biya matar nan da Aljanna, ku taya ni cewa amin.

Af, kafin in manta. Duk wanda zai taso daga Kano ko Abuja kafin goman tsakiya, don girman Allah ya yi min magana ta akwati. Tsamiyar da ake sayarwa a nan ta Thailand ce, zaƙi gare ta kamar alewa, mamansu ta dama kunu da ita shekaranjiya ba wanda ya iya shanye kofi ɗaya. Tsamiya mudu ɗaya, gero mudu biyu, da yajin ƙuli in da hali. A ɗaure da kyau, na bara a cikin kayan mutumin ya fashe, har yau bai ƙara ɗaga wayata ba.